Haƙori na Uku

Mu biyar ne a gidan ran nan, washegarin Babbar Sallah. Akwai ni. Akwai maigidana, wanda ya shimfiɗa buzunsa a gindin dalbejiya tun hantsi. Kunnensa ya yi nauyi, kuma na lura bai damu da hakan ba. Akwai ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, da ta zo min yawon Sallah daga ƙauyensu na bayan Sule Tankarkar, da mijinta da ya ɗauko ta a babur. Ta biyar ita ce matar ɗana na biyu, mai aiki a ɗakin shan magani na Gagarawa Tasha. Ta zo taya ni suyar nama.

Tun ina yarinya ake ce min mai sa ido, ban kuma taɓa musawa ba. In na gaishe da mutum zai ce lafiya lau, ko da kuwa ciwo na cinsa. Amma in na ajiye masa kwano na koma gefe na zauna, cin abincinsa zai faɗa min gaskiya. To, da aka kwashe suyar farko, na zuba wa ƙanwata a faranti, na koma kan kujerata ina kankare kan ragon da muka babbake. Sai na ga ta ɗauki tsoka ɗaya tana yagarta da farce siri-siri. Da za ta kai baki, ba ta buɗe shi ba sai kamar mai kurɓar kunu mai zafi. Ta tura naman kuncin dama, ta tauna sau uku ko huɗu, ta haɗiye da ƙyar. Sauran ta rufe da faifai ta ture bayanta. Wannan matar kuwa na san ta, da haƙori take fasa goriba muna yara.

Na ci gaba da kankarewa. Can hamma ta zo mata, ta yi ƙoƙarin danne ta ba ta dannu ba, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Ta dafe gefen kunnenta na hagu ta runtse ido.

Na ajiye wuƙa na ce ta ba ni labari tun daga farko, kada ta tsallake komai.

Ta ce shekara ɗaya da rabi ke nan. Da kunne abin ya fara, yana yi mata kamar ruwa ya shiga, aka yi ta ɗiga man zaitun ba a ga komai ba. Daga nan ciwon ya sauko kunci, ya hau gefen goshi, wata rana har wuya. Wata tsohuwa a garinsu ta ce tsutsar haƙori ce, ta yi mata hayaƙi a baki, ta nuna mata wasu fararen abubuwa a cikin ruwa ta ce ga su nan sun faɗo. Ciwo bai tafi ba. Da kaka sai wanzamin gidansu ya cire mata turmi ɗaya na sama, ta samu sauƙi kwana goma, ciwo ya dawo. Gab da azumi ya cire na kusa da shi, ta sake samun kwana goma. Yanzu sun yanke shawara na ƙasa ne mai laifin, kuma gobe da safe wanzamin zai zo ya cire shi, tunda ya gama askin Sallah.

Na tambaye ta ina haƙoran da aka cire. Ashe suna cikin lalitarta, a ƙulle a tsumma, wai ba ta son a yar da su inda kaji za su tona. Na karɓa na wanke a kofi, na fito da su rana ina jujjuyawa. Na ga ruɓaɓɓen haƙori a rayuwata, na maigidana ma biyu ni na riƙe masa kai aka cire su, baƙi ne da rami kamar gara ta ci. Waɗannan kuwa, ban da jan goro, babu abin da ya same su. Na sa tsinke na bi kowane lungu, ko ɗigon rami babu.

Abin ya tsaya min a rai. In haƙori lafiyarsa ƙalau, me ya sa cire shi yake kawo sauƙi? In kuma shi ne mai ciwon, me ya sa ciwon yake dawowa bayan an raba shi da baki? Na koma kan aikina ina ta juya wannan.

Wanda bai taɓa gyara kan rago ba ba zai gane abin da zan faɗa ba sai na yi bayani. In an babbake an kankare, ana tsaga kumatun da wuƙa har zuwa gindin kunne, sannan a kama muƙamuƙin ƙasa a ja shi baya har ya rabu da ƙoƙon kai. Na yi wannan ya fi sau arba'in, hankalina kullum yana kan harshe da ƙwaƙwalwa. Ran nan da na ja, sai na ji ƙas, irin ƙarar da na ji ɗazu. Na tsaya na duba wurin da ya rabu. A daidai gaban kunne ƙashin yake ƙarewa da ɗan dunƙule mai santsi, yana zaune a wani gurbi, tsakaninsu kuma akwai ɗan guringuntsi fari, shimfiɗaɗɗe, kamar gammon da ake sa wa tulu. Na mayar da ƙashin gurbinsa na buɗe na rufe, ya tafi sumul. Na ture ɗan gammon gefe da farce na sake buɗewa, sai ya cije, sannan ya tsallake da ƙara.

Na wanke hannu na ce wa ƙanwata ta matso.

"Yaya, in dai kan ragon nan za ki gwada da nawa, ki bari a gama dafa shi tukuna," in ji ta.

"Shi bai ba da haƙoransa biyu a banza ba. Buɗe bakin."

Na ɗora yatsa a gaban kowane kunne na ce ta buɗe a hankali. Na dama ya tafi lafiya. Na hagu ya tsaya, haɓarta ta karkace ta yi hagu, sannan wani abu ya yi tsalle a ƙarƙashin yatsana. Na danna wurin, ta riƙe min hannu. Na danna naman kuncin, na ji shi da tauri kamar an cusa dutse, ta ce nan ne, nan ne ciwon yake, har cikin haƙorin da za a cire take jin sa. Na ɗauki cokali na ƙwanƙwasa haƙorin kansa, ta ce ba ta ji komai ba.

Saura tambayar kwana goman nan. Na ce ta faɗa min abin da take ci bayan an cire mata haƙori. Ta ce me za ta ci da rami a baki, kunu ne da fura mai ruwa. Goro fa? Ta ce ina, sai da wurin ya rufe. Saƙa fa? Nan ta kalli jakarta.

Ƙanwata faifai take saƙawa, kuma a yankinsu ba a kai ta. Masu sayen kayan ɗaki daga Maigatari har gida suke bin ta. Hannunta ba ya iya zama haka nan, don haka na san ba za ta zo Gumel ba tare da aiki a jaka ba. Na ce ta ɗauko ta yi ina gani. Ta ɗauko wani da ta kai rabi, ja da kore, ta zauna ta miƙe ƙafa. Hannun hagu yana riƙe da faifan, na dama yana huda da basilla yana zura kaba. In kabar ta fito ta ɗaya gefen, sai ta sunkuya ta cafke ta da turamen hagu, ta karkata haɓa, ta ja da ƙarfi har sai ɗinkin ya kwanta. Ta huda, ta zura, ta ciza, ta ja. Ragowar kabar da za ta yi amfani da ita nan gaba ma a gefen bakin take maƙale, don yawu ya sa ta yi laushi. Haka mahaifiyarmu ta koya mana, ni ma haka na yi kafin aure ya kawo ni gari na bari. Na fara ƙirga cizon, kafin ta zagaye layi ɗaya lissafi ya ɓace min. Ita kuwa shekara arba'in ke nan, daga hantsi zuwa la'asar.

Na ce mata ba cire haƙorin ne yake ba ta sauƙi ba, hutun da bakin yake samu ne. Wanzami yana tafiya take ajiye goro da tuwon jiya da kaba, ranar da ta koma musu ciwo ya koma mata.

Duk wannan abin matar ɗana tana bakin murhu tana juya nama, ba ta sa baki ba, don yarinya ce mai kunya, ba ta shiga maganar manya sai an kira ta. Na ce ta sauke kaskon ta zo, ai ita ce ta yi karatun. Ta durƙusa ta ce, "Inna, abin da kika faɗa akwai shi a littafi. Amma ni ba fannina ba ne, bari in kira wanda ya sani." Akwai wani likitan haƙori a babban asibitin Gumel da suka taɓa aiki tare. Ta yi masa barka da Sallah, ta ba shi haƙuri, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tabarma.

Mutumin ya iya tambaya, na yaba masa. Ya tambaya ko akwai kumburi ko zazzaɓi, aka ce babu. Ko ƙusa ko wani ƙarfe ya soke ta kwanan nan, ko ta faɗi a kan haɓa, babu. Ko ruwan sanyi yana tsira mata a haƙorin, babu. Ko takan tashi da safe ta ji muƙamuƙin ya gaji kamar ta kwana tana tauna, ta ce ƙwarai kuwa, mijinta ma yana cewa tana cizon haƙora cikin barci. Sai ya ce ta jera yatsunta uku a tsaye ta gwada sa su tsakanin haƙoran gaba. Biyu suka shiga, na ukun ya ƙi. Ni ma na juya baya na gwada nawa, uku suka shige har da sauran wuri.

Ya ce ba zai yanke hukunci a waya ba, sai ya gan ta ranar Litinin in an koma aiki, amma duk alamun na gaɓar muƙamuƙi ne da naman da ke motsa ta, kuma ciwon wurin ya saba yin ƙarya, ya aika mutum kunne ko haƙori. Kafin Litinin kada a taɓa mata ko haƙori ɗaya, don kowane turmi da aka cire yana ƙara wa gaɓar nauyi. A jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a ɗora a wurin safe da yamma, a murza kuncin a hankali. Abinci mai laushi kawai. Ba goro, ba rake, ba aya, ba soyayyen nama. In hamma ta zo ta tallafe haɓa da hannu. In tana zaune, leɓe a rufe amma haƙora kada su haɗu. Ya faɗa wa matar ɗana maganin rage zafin da za ta ba ta, bayan ya tambaya ko tana da gyambon ciki. Da aka ba shi labarin kaba sai ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin wannan ba, yana so a zo masa da faifan ya gani. Sannan ya ce ta ajiye saƙa wata guda, in ta koma kuma ta nemi abin ja wanda ba baki ba.

Ina tsammanin ƙanwata za ta yi murna, sai na ga fuskarta ta canza. Da aka kashe waya ta ce ita dai gara a cire haƙorin. Cirewa safiya ɗaya ce. Wata guda ba saƙa kuwa, me za ta yi da hannunta, ta zauna tana kallon awaki? Kuma faifan da aka ja da hannu ba ya tsayuwa, kowa ya taɓa zai san ba nata ba ne. Na ce ta naɗe kabar a jikin ɗan itace ta ja. Ta ce mahaifiyarmu da tana raye da ta yi min dariya. Na ce mahaifiyarmu ta rasu ba turmi ko ɗaya a bakinta, shekara goma tana jiƙa tuwo da ruwa, mu duka mun ɗauka tsufa ne. Ban taɓa haɗa waɗannan biyun ba sai da maganar ta fito daga bakina. Ƙanwata dai ta mayar da faifan jaka.

Bayan la'asar mijinta ya shigo daga zaure ya ce ta shirya su kama hanya. Na ce shi ya kama, ita tana nan sai Litinin. Na yi masa bayani, har na ɗauko muƙamuƙin ragon daga tukunya na nuna masa. Ya saurara da ladabi, don bai taɓa ɗaga min murya ba, amma na ga bai karɓa ba. Ya ce ba ya jayayya da likita, sai dai an riga an yi magana da wanzami, an kai masa goro. Mutumin nan ubansa ne ya yi wa mijin ƙanwata kaciya, shi wanzamin kuma ya yi wa 'ya'yan ƙanwata duka, ya cire musu beli. In aka ce masa ya fasa saboda wani ya yi magana a waya, an ce bai iya aikinsa ba ke nan, har da na baya biyun.

"Yaya, da wane bakin zan faɗa masa?"

"Da naka, Malam, tunda naka yana buɗuwa."

Ya yi murmushi, amma bai sauka ba. Ya tambayi matarsa abin da take so, ta ce ita duk yadda aka yi. Wannan amsar ta ba ni haushi fiye da komai a ranar. A ƙarshe ya ce zai bar ta ta kwana, amma gobe da safe zai ɗauko wanzamin a babur ya kawo shi nan, in ya so a yi a gidana. Na ce Allah ya kai mu.

Kafin magariba na ɗora mata tsumman ɗumi, na zuba mata romon langaɓu ba nama, matar ɗana ta ba ta magani ta tafi gidanta. Ni kuwa abin bai sake ni ba. Na zauna ina taɓa gaban kunnena ina buɗe baki ina rufewa, ina mamakin yadda na shekara sittin da wani abu da wannan ƙofar a fuskata ban taɓa sanin inda take rataye ba. Har maigidana na je na taɓa nasa. Ya buɗe ido ya tambaya ko lafiya, na ce ya buɗe baki kawai. Nasa ma yana 'yar ƙara, amma ya ce bai taɓa yi masa ciwo ba. Na riƙe wannan a cikin tambayoyin da zan yi wa likita.

Washegari ina idar da sallar asuba na share zaure, na shimfiɗa tabarma, na zauna a ciki da carbina, abin da ban saba yi ba. Rana ta ɗan ɗaga sai ga babur. Wanzamin dattijo ne siriri, da zabirarsa a kafaɗa. Muka gaisa, na tambayi iyali da hanya, na kawo masa langaɓu da ruwa, na bar shi ya ci ya ƙoshi. Sannan na kira ƙanwata ta zauna a gabansa.

Ban ce masa likita ya ce ba. Na ce, "Sarkin aska, kai ne ka san baki. Kafin ka fito da awartaki, ina so ka sa yatsunka nan ka faɗa min wane haƙori ne yake wannan ƙarar, don ni na kasa ganewa."

Ya ɗora yatsu a gaban kunnuwanta, ta buɗe, abin ya yi tsalle. Ya ce ta sake. Ta sake. Ya fito da awartakin, ya juya gindinsa ya bi haƙoran ƙasa yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, yana kallon idonta. Ba ta motsa ba. Ya danna kuncin, ta janye kai. Sannan ya ce wannan ba haƙori ba ne, mahaɗa ce. Na kwance tsumman na ajiye masa biyun da ya cire. Ya ɗauka ya duba, ya ce shi wanda aka nuna masa yake cirewa, kuma ita ce ta nuna. Na ce haka ne, ba wanda ya ce laifinsa ne, yau ma ga ta nan, sai ya tambaye ta ko tana nunawa.

Ya tambaye ta. Ta kalli mijinta, ta kalle ni, ta sa harshe ta taɓa haƙorin. Ta ce a bar shi zuwa Litinin.

Ya mayar da awartakin zabira. Na ga mijin ƙanwata yana ta murza hularsa, don an taso dattijo tun daga bayan Sule Tankarkar, ga shi zai koma bai yi aikin komai ba, kuma garinsu za a tambaya. Sai na shiga ciki na taso maigidana daga kan buzunsa, na ce ya fito zaure ga wanzami ya zo yi masa aski. Ya shafa kansa ya ce ai jajibirin Sallah aka aske shi, ko kwana huɗu ba a yi ba. Na ɗaga murya yadda zai ji na ce an bar gashi a ƙeya. Ya fito ya zauna, wanzami ya jiƙa masa kai ya wasa aska, ni kuma na koma madafa na ɗora ruwan ɗumi.